Ɗigo Biyar a Kan Yashi Ba Bugun Ƙasa Ba Ne

Zuwa ga Hajiya Mudira,
Shugabar makarantar 'yan mata ta jaliyarmu,
Madain Fahd, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki barka da aiki, ke da malaman da ke ƙarƙashinki. Kowa a unguwar nan ya san ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu, Allah ya biya ku.

Sunana Usman, mai sayar da yadi a Bab Makka, a shagon kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya min. Ni ne mahaifin Rahma, yarinyar da kuka ce ta zauna a gida har sai na sa hannu a takardar alkawari cewa ba za ta ƙara yin bugun ƙasa a makaranta ba. Da na sami wata hanya, da ban rubuto a fili ba. Amma kin san namiji ba ya wuce ƙofar makarantar mata. Na je na tsaya a tagar mai gadi, ya buga waya ciki, aka ce kina taro. Mahaifiyarta ta shiga, ita kuwa in ranta ya ɓaci hawaye ne ke riga magana fitowa, haka ta dawo ba ta faɗi komai ba. Sannan zancen bai tsaya a ofishinki ba, tuni ya zaga zauren iyaye na waya. Tunda a gaban jama'a aka ɓata sunan, a gaban jama'a zan yi bayani, kuma da Hausa, don tsofaffinmu ma a karanta musu.

1. Abin da ya faru

Lokacin tara ne, wato fusha. A bayan azuzuwa akwai ragowar yashin da magina suka bari. Rahma ta tsuguna a wurin, ƙawayenta suka kewaye ta. Ta ce wa ɗaya ta dangwala ɗigo biyar da yatsa duk inda ta ga dama, ita kuma za ta faɗa mata abin da zai fito tun kafin a ja layi. Aka dangwala, aka ja layi, ya fito yadda ta ce. 'Yan mata suka sa ihu, wasu suka shiga layi kowa na son a yi da ita. Ana cikin haka Abla Sumayya, mai lura da ɗalibai a ranar, ta iso. Ta ga yarinya a tsugune, ga yashi, ga ɗige-ɗige, ga mutane suna jiran a faɗa musu abin da zai fito.

Wallahi ban ga laifin tsoronta ba. Bahaushiya ce kamar mu, ta san yadda masu duba ke shimfiɗa yashi su yi ta dangwala yatsa. Da malama Balarabiya ce, wataƙila da ta wuce ta ce wasan yara ne. Mu ne muka san abin, mu ne kuma aka daɗe ana jifa da shi a garin nan, har wasu in sun ga baƙar tsohuwa da ƙunshin magani sai su canja hanya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Laifin da na gani shi ne ba a tambayi yarinyar ba. Ta ce min tana ta faɗa, "Abla, wallahi hada riyadiyyat, lissafi ne!" amma aka share yashin da ƙafa aka ja ta ofis. Malamar lissafinku tana aji a lokacin, ba wanda ya kira ta.

2. Abin da ke kan yashin

Hajiya, a nan ki yi haƙuri da ni, don in na fara wannan zancen bakina ba ya son rufuwa. Ɗauki takarda ki gwada yanzu. Ki sa ɗigo biyar duk inda kike so, sharaɗi ɗaya ne kawai, kada uku su jeru a kan miƙaƙƙen layi ɗaya. To duk dabararki, sai an sami huɗu a cikinsu waɗanda in aka haɗa su za su ba da fili mai kusurwa huɗu, kamar tsakar gida, ba kusurwar da ta lotsa ciki. Ki watsa su, ki matse su, ki ɓoye biyu a tsakiya, sai huɗun nan sun fito!

Ni ma da ta faɗa min cewa na yi ƙarya ne. Washegari a shago na shimfiɗa ƙyallen farin yadi a kan teburin awo, na kafa allurai biyar, na ɗauko zare. Rahma ta riga ta nuna min dalilin, kuma dalilin ne ya fi ba ni sha'awa. In ka zagaye allurai duka da zare ka ja ya ɗaure, ko dai zaren ya taɓa biyar, ko huɗu, ko uku. In biyar ne ko huɗu, ai magana ta ƙare, ga filinka nan. In uku ne, saura biyu suna ciki ke nan. Ka ja layi ya ratsa ta kan biyun nan, dole allurai biyu daga na waje su faɗo gefe guda, to su da na cikin su ne huɗunka. Shi ke nan! Ba turare, ba kiran sunan kowa, ba ɓoyayyen abu.

Kafin la'asar shagon ya koma majalisa. Wani ɗan Nijar mai sarin shadda ya rantse zai karya abin, ya yi ta matsar da allurai har ya soki yatsa. Wani dattijo ɗan Cadi ya ce a ba shi dama, ya zauna ya manta da rawanin da ya zo saye. Kafilina da kansa ya leƙo ya ce, "Ya Usman, esh hada, mene ne haka, kun bar ciniki?" Ban ankara ba sai ga shi ya cire tabarau yana kafa allura.

A gida ma haka. Mahaifiyata, wadda yaran ke kira Habboba, da ta fara jin labarin sai ta kama salati ta ce a kawo ruwa a tofa wa yarinyar. Yanzu ita ce ke tara ƙwallayen dabino a kan faifai bayan sallar Magariba, tana cewa, "Zo nan, Rahma, yau na kama ki." Har yau ba ta kama ta ba.

Ga bambancin da nake so iyaye su ji. Mai bugun ƙasa da'awar sanin gaibu yake yi, kuma ba zai taɓa nuna maka yadda ya sani ba, don a nan abincinsa yake. Wannan kuwa dalilinsa a shimfiɗe yake, yaro ma zai iya bi ya tabbatar da kansa. Rahma ba ta faɗa wa kowa wanda za ta aura ko ranar da za a sabunta iƙamar ubanta, wato takardar izinin zama, ba.

3. Matar da ta gano shi

Rahma ta ci karo da abin ne a wani shiri na ilimi da ta kalla a wayar mahaifiyarta, daga nan ta bi diddigi ta karanto min tarihin. Wata budurwa ce 'yar ƙasar Hungary ta gano shi, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ita da wasu samari da 'yan mata masu son lissafi sukan haɗu a wani lambu a birnin Budapest, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi. Wata rana ita ta zo da wannan ta ɗigo biyar, da amsarta a hannu, sannan ta jefa musu tambayar da ta fi girma: in fili mai kusurwa biyar ake so fa, ko shida, ko fiye, ɗigo nawa za a zuba kafin ya zama dole ya fito?

Wani saurayi a cikinsu ya duƙufa a kan tambayar. Ko lissafin ne ya ja shi ko mai lissafin, Allah masani, amma dai ƙarshenta aure suka yi, har wani abokinsu ya riƙa tsokanarsu da cewa matsalar ta ƙare lafiya. Habboba da ta ji wannan sai ta ce ashe Turawa ma sun iya zance.

Ba zan ɓoye ba, Bayahudiya ce. Saboda haka ne ma ƙasar ta yi musu zafi, suka tsere da mijinta zuwa Shanghai ta ƙasar Sin, suka ga yaƙi da yunwa a can, daga baya suka zauna a Ostireliya. Ta koyar a jami'a, kuma ta yi shekaru tana tara yaran makaranta tana ba su matsalolin lissafi su yi ta kokawa da su. Ita da mijin sun tsufa tare, suka rasu rana ɗaya. Da Rahma ta kai nan sai na tuna da namu tarihin. Kakana daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa, ya yada zango a Sudan, a can aka haife ni, ga ni yau a Jidda, 'yata ko Hausar ma ji take fiye da faɗa. Na san abin da ake nufi da mutum ya ɗauki abin da ke kansa kawai ya shiga ƙasar wasu. Malamanmu kuma sun koya mana cewa ilimi mai amfani duk inda ka tsince shi ka ɗauka.

Abin da ya fi tsuma ni, babbar tambayar nan tata har yau ba a gama warware ta ba. An san na kusurwa biyar ɗigo tara ne, an sha wuya an gano na shida, amma ƙa'idar da za ta game duka tana nan tana jiran mai ita. Ranar da Rahma ta faɗa min haka idonta har ƙyalli yake yi. Ta ce, "Baba, yimkin, wataƙila ni ce, wa ya sani?" Na yi dariya, amma a raina cewa na yi amin.

4. Abin da wannan ya jawo mana

Hajiya, ke ma kin san kalmar sihiri ba abin wasa ba ce a ƙasar nan, balle ga baƙo mai zama da iƙama. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Maƙwabciyarmu ta hana 'yarta shigowa gidanmu. A wurin wani biki a Ruwais wata mata ta matso kusa da mahaifiyar Rahma ta raɗa mata ko yarinyar za ta duba mata wani abu da ya ɓace, za ta ba da goro. Ban san wanne ya fi ciwo ba, masu gudunmu ko masu nemanmu. Ga jarrabawa ta matso, ƙawayenta suna aji ita tana gida.

Takardar da kuka aiko cewa take yi ba za ta ƙara ba. Wanda ya ce ba zai ƙara ba, ai ya amsa cewa ya yi ke nan. In na sa hannu, ni da kaina na rubuta wa 'yata sunan da zai bi ta har gidan miji.

5. Roƙona

Ina roƙon ki kira malamar lissafinku, ki ba ta ɗigo biyar ɗin nan, ki ji daga bakinta. Ita ce gwana, ni mai awon yadi ne, abin da 'yata ta koya min kawai na maimaita.

Ina roƙon a janye takardar nan, kada a bar ko alamarta a fayil ɗin Rahma, ta koma aji kafin jarrabawa.

Ina kuma roƙon a ba ta 'yan mintuna a taron safe, gaban ɗalibai da malamai, da allo da alli. Duk mai shakka ta fito ta sa ɗigonta, gani ya kori ji. Ba na neman a tozarta Abla Sumayya, tarbiyyar 'ya'yanmu take karewa. In ta yarda, ita ce ma nake so ta fara sa ɗigon. Bayan nan a sanar a zauren iyaye, inda zancen ya fara yawo.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne wannan. Jiya na dawo daga shago na tarar Rahma ta ajiye min takardarku da biro a kan darduma. Ta ce, "Baba, ka sa hannu bas, khalas, shi ke nan. Ba zan ƙara lissafin ba, ni dai in koma makaranta." Ban ji tsoro ba lokacin da maƙwabta suka fara kauce mana, amma wannan maganar ta tsorata ni. Yarinyar da ke cewa wataƙila ita ce za ta warware abin da ya gagari duniya, yau ta yarda ta amsa laifin da ba ta yi ba, ta kuma ajiye abin da ta fi so. Na naɗe takardar na ce mata hannuna ba zai hau kanta ba. Ta dube ni ta ce to yaushe za ta koma, amsar kuwa tana hannunki. Don Allah, Hajiya, ki buɗe mata ƙofa tun ba ta gama yarda cewa laifi ta yi ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa ki gama da makarantar nan lafiya, ya raya miki naki 'ya'yan, ya tsare su daga sunan da ba nasu ba.

Wassalam.

Naki,
Usman, baban Rahma,
Madain Fahd, Jidda.