Hannun Baba Ya Motsa

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal?

Muna asibiti har yanzu, ni kaɗai nake jinyar Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Mutanen garinmu Badafi sun yi gayya sun nome masa gonarsa. Sun kuma kawo Audu mai gangar noma asibiti, don likita ta ce kiɗan da ya saba ji zai taimaka masa. Audu na fara bugawa, hannun nan da ya shanye ya motsa, kamar zai kama fartanya. Sai ya waiwaya dama, inda ka saba tsayawa in kuna noma. Bango ya gani.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. In ka tashi zuwa, gadonsa na bakin ƙofa.

Ƙanwarka,
Hadiza