Matata Ta Ɓoye Wayar Wasan da Ya Tayar Mini da Hannu

Malama, don Allah ki ara mini kunnenki ki ba ni shawara, domin abin da ke damuna idan na kai wa sa'o'ina dariya za su yi mini. Ni mai aski ne, na haura shekara hamsin da biyar, kuma tun ina saurayi nake tsaye a bayan kujera. Akwai waɗanda na yi wa askin angonci, yau 'ya'yansu nake yi wa. Bara ina tsakiyar gyara wa wani mutum gemu sai reza ta suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti. Aka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama.

Ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya daidaita, amma hannu ya ƙi. Mai gashin ƙashi ta ba ni ƙwallon roba ta ce in riƙa matsawa. Na matsa ƙwallon nan har na tsane ta, na cilla ta ƙarƙashin gado, na koma kallon bango. Cokali ma uwar 'ya'yana ce take riƙe mini.

Ana haka sai mijin 'yata ya zo da wata na'urar gem, wato wasan bidiyo, ya haɗa ta da talabijin ɗin falo. Yaro ne mai kunya, ko idona bai kalla ba, ya ce wai don ta ɗebe mini kewa ne. Wasan daga wani littafin zane aka ɗauko shi, labarin wasu mutane da aka haifa da halitta daban da ta kowa, jama'a suna ƙyamarsu, su kuma su ne masu kare jama'ar. Ba zan yi miki ƙarya ba, sara ne da suka daga farko har ƙarshe. A cikinsu akwai wata mai ratsa bango, akwai mai fatar ƙarfe, amma ni wanda na zaɓa wani ne mai ƙaton hannu guda, nauyinsa har karkatar da shi yake yi idan yana tafiya. Ina ganinsa na ce wannan ɗan'uwana ne.

Da farko ko ƙofar farko ba na wucewa ake kashe ni, don babban yatsana ba ya kaiwa ga madannan na'urar. Haushi ya kama ni. Ni da na yi shekaru ina zagaye kunnen jariri da reza, a ce wasu 'yan zane sun gagare ni? Na dage. Ƙwallo ba ta taɓa ba ni haushi irin wannan ba, shi ya sa ba ta taɓa sa ni na dage ba. Yau da gobe, yatsa ya fara motsi, na biyu ya bi shi. Yanzu ni nake ɓalle maɓallin rigata, ni nake riƙe kofina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ran nan yayan matata ya zo dubiya shi da abokansa dattawa, suka tarar da majinyacin da suka zo yi wa sannu a tsaye a tsakiyar falo, ba hula, yana ihun a sare shi. Suka zazzauna ana kallon juna. Bayan tafiyarsu matata ta ce na zubar mata da mutunci, mai furfura kamata ya yi a same shi da carbi. Ta ɗauko abin awon jini ta gwada ni, aka yi rashin sa'a jinin ya ɗan hau. Kwana biyu bayan haka na kulle kaina a banɗaki na gwada yi wa kaina gyaran fuska, na yanke haɓa. Yankan bai kai ya kawo ba, amma ta ga jini a tawul. Washegari na nemi wayar wutar na'urar na rasa. Ba ta musa ba, ta ce ita ta ɗauke, kuma ba za ta bayar ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, mu da ba mu taɓa kwana da fushi ba.

Ƙanena da ke riƙe da shagon shi ma ya zo yana lallashi, wai Yaya ka huta haka, ka yi naka. Har ya zaunar da wani a kujerata. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ji na yi kamar ana yi mini ta'aziyyar kaina.

Malama, saura mini mataki biyu in kai ga babban abokin gaba na ƙarshe, kuma na yi wa kaina alkawari ranar da na kayar da shi, washegari zan saka rigar aikina in koma shago. Ba zan fasa ba. Waya ba ta fi ƙarfina in aika a sayo wata ba, amma ba na so in ci wasa in rasa matata. Yaya zan yi?

Mai askin da bai gama aiki ba

*

Malam mai aski, na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma ban yi dariya ba, sai dai wurin dattawan nan, wannan kam ka yafe mini. Barka da arziki. Mutumin da ake ba abinci a baki ya dawo yana ɓalle rigarsa da kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu abin kunya a hanyar da ka bi. Furfura ba ta hana mutum neman lafiya ta inda ya same ta.

Amma ka tsaya ka dubi uwar 'ya'yanka da kyau. Kai faɗuwarka ba ka gan ta ba, a asibiti ka farka. Ita ce aka kira, ita ta gan ka kwance ba ka motsi. Maganar mutunci da ta kawo, ina jin mayafi ce kawai ta lulluɓe tsoro da shi. Ta ga awo ya hau, ta ga jini a tawul, me kake so ta yi? Kada ka sayo wata waya. Idan ka yi haka ka nuna mata tsoronta ba ya da daraja a wurinka.

Ka ɗauke ta ku tafi wurin mai gashin ƙashin tare, da abin dannawar wasan a hannunka. Ka nuna yadda kake wasan, ka faɗi maganar awon, ka faɗi ta yankan haɓa ba tare da ka rage komai ba. Idan aka ce ka ci gaba, a gaban matarka za a faɗa, a kuma yanka maka lokaci. Idan aka ce jininka ba ya ɗaukar wannan zafin, ka karɓa, a nemo maka wanda ya fi sanyi. A mayar da na'urar ɗaki, ka yi wasanka a zaune, ka rage ihu.

Alkawarin da ka yi wa kanka kuwa, ka gyara shi. A wasa idan hannunka ya kuskure sai ka sake daga farko. Wuyan mutum ba a sake shi. Kayar da wancan abokin gaba ba zai zama shaidar cewa reza ta halatta gare ka ba, masu duba hannunka ne za su faɗi wannan. Amma komawa shago ba sai ka jira kowa ya faɗi ba. Ka je ko gobe, ka zauna, ka gaisa da mutanenka, ka sa ido a kan aikin yara. Idan an ba ka izini ka fara da injin aski, kuma kan ƙanenka ya zama na farko. Ka gaya masa a fili cewa aron kujerar ka bayar, zai fahimta.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan, ka je ka zauna kusa da matar da ta riƙe maka cokali, ka tambaye ta abin da ta gani ranar da ka faɗi, ka yi shiru har ta gama. Ina kyautata zaton ba za ka sake tambayar waya ba, da kanta za ta kawo.

Allah ya ƙara wa hannun nan ƙarfi, ya sanyaya zuciyar uwargida, ya mayar da kai bayan kujerarka lafiya.