Rawar Maame Serwaa

Daren Lahadi, Asawase

Yau na ga Maame Serwaa, maƙwabciyata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta dawo daga coci tana rawa a bakin titi, da farin hankici a hannunta. Bana fa ta binne ɗanta. Sai kawai na ji haushi ya taso mini.

Na ce, "Maame, ina kika samo wannan farin ciki?"

Ta share gumi ta ce, "Hajiya, ba ni da shi. Nakan je ne 'yan'uwa su ara mini nasu. In an buga ganga, ko zuciyata ta ƙi, ƙafata tana gode wa Allah."

Ni tun rasuwar maigidana ban ƙara zuwa Maulidi ba. Ina yin salla, amma kamar mai sauke kaya. Da can shi ke jan baitin yabo, yana murmushi har hawaye su zubo masa, mu muna amsawa.

Bayan Isha'i na gwada rera baitinsa ni kaɗai a kan darduma. Muryata ta karye a tsakiya. Na sha kuka, sannan na ƙarasa shi.

Allah ya jiƙanka, Alhaji.