Ni Na Sa Sunan Kakana a Jerin 'Yan Caca

Anti Dilruba,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa mini ta adireshin da na rubuta a bayan takardar nan, ba ta shafinki na jarida ba, kafin ranar Alhamis mai zuwa. Idan Alhamis ta wuce, amsar ba ta da sauran amfani. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu kafin muryata ta fito. Shekarata goma sha shida, kuma a garin Sylhet muke.

Maganar a kan kakana ce, mahaifin mamata. Shekararsa tamanin da ɗaya, marubuci ne, littattafansa goma sha huɗu cikin harshenmu na Bangla. Ɗaya kawai aka taɓa fassarawa zuwa Turanci, shi ma tun ba a haife ni ba. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, don haka ni ke karanta masa jarida a baranda bayan la'asar. Sakatariya yake kirana. Ya san a ƙarƙashin jaridar nake ɓoye littafin soyayyata, sai ya ce, "Sakatariya, yau wa ya suma a littafin naki, yarinyar ko saurayin?" Amma tun da matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce ya daina rubutu. Littafin da yake kai ya tsaya a babi na tara, aka ɗaure shi da zare aka sa a akwati.

Kin san duk watan Oktoba ake sanar da wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi. Kafin ranar, gidajen caca na Landan kan fitar da jerin marubuta, kowane suna da lamba a gefensa. Idan lambar ɗari ce, wanda ya zuba fam ɗaya zai kwashi ɗari in marubucin ya ci, wato ba a sa masa rai. Idan ta ragu, an fara sa rai ke nan. Jaridunmu kan kwafo jerin su ce "masu hasashe na Landan", ni ma haka nake karanta wa Kaka. Bara da na kai ƙarshen sunayen sai ya ce, "Shekara hamsin muna rubutu a garin nan, ko atishawarmu ba a ji a waje ba." Da dariya ya faɗa, amma ni maganar ta zauna mini a ƙirji shekara guda.

Kawuna Lutfur, ɗan Kaka na ƙarshe, yana aiki a gidan abinci a Landan, kuma akwai shagon caca kusa da su. Shi ya taɓa gaya mini cewa in mutum ya roƙa, sukan ƙara suna a jerin. Watan jiya na kira shi na roƙe shi. Ya yi ta dariya, ya ce, "Ke 'yar shiru-shirun nan, ashe ke ce shaiɗaniyar gidan? To Baba zai shiga sahun manya a kan kuɗin shayi." Ya nema, ya zuba ɗan abin da ya zuba, sunan Kaka ya fito a can ƙasa da ɗari a gefensa.

Wallahi Anti, abin da na so kawai shi ne in kai ƙarshen jerin in karanta sunansa, ya ji sau ɗaya a rayuwarsa. A littattafan da nake karantawa haka ake yi. Wani zai yi wa wanda yake ƙauna alheri a ɓoye, sai a babin ƙarshe a gane, kowa ya yi kukan daɗi. Ban yi tunanin mutanenmu da ke Landan ba. Da suka ga sunan ɗan gida, wannan ya zuba, wancan ya zuba, don kishin gari kawai, yawancinsu ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Lambar ta sauko hamsin, ta sauko ashirin da biyar. Jiya sha shida na gani. Jaridar gari ta buga hotonsa a shafin farko.

Yanzu gidanmu ya zama kasuwa. Maƙwabta na kawo kayan zaƙi. Ƙungiyar marubutan da ta yi shekara shida ba ta aiko masa da katin gayyata ba ta zo da sarƙar furanni, shugabansu yana cewa, "Malam, mu dai tuntuni mun sani." Sun ce ranar Alhamis za su jera kujeru a tsakar gidanmu, da mai ɗaukar hoto, a saurari sanarwar tare da ƙarfe biyar na yamma.

Kaka kuwa ban gane masa ba. Ranar farko cewa ya yi, "Littafi ɗaya suka fassara, shi ma sun karya masa ƙafa. Mutanen sanyin nan da hanci suke karatu?" Amma kwana uku bayan haka ya sa Mama ta fito da mayafin ulu da matarsa ta saƙa masa, a shanya, wai an ce ƙasar da ake miƙa kyautar akwai sanyi a Disamba, watan bikin. Sannan ya ce in kwance zaren akwatin nan. Kullum yanzu yana faɗa ina rubutawa, mun kai babi na sha ɗaya. Har ƙarin shinkafa da kifi yake nema.

Bai san jerin na caca ne ba. Mutumin da ko karta ba a shiga da ita gidansa. In na yi shiru, zai zauna gaban jama'a da furanni a wuya a kira sunan wani. In na faɗa, zai san cewa ba wani masani a duniya da ya tuna da shi, jikarsa ce da ɗansa suka kai sunansa shagon caca. Ina tsoron ya mayar da littafin akwati, ina tsoron kada ya sake kirana Sakatariya. Kawu ya ce in yi shiru, abin zai wuce kamar ruwan sama. Shi yana can, ni ce nake riƙe da biro a gaban Kaka. Wani lokaci har nakan ce a raina, to in kuma ya ci fa? Ya zan yi?

'Yar Baranda

*

'Yar Baranda,

Na aika miki wannan amsa ranar da wasiƙarki ta iso. A jarida ba za ta fito ba sai kin ba ni izini.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Kada ki jingina da ita. Waccan lamba ba hukuncin alƙalan kyautar ba ce, inuwar kuɗin da mutane suka zuba ce. Wani lokaci masu caca kan dace, sau da yawa kuma sunan da suka ɗora a sama yakan shekara goma yana jira. Ke kuma kin fi kowa sanin inda sha shidan nan ta fito.

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Kin kai sunan dattijo wurin da shi ba zai taka ba, ba da saninsa ba. Amma kawunki, wanda ya san shagon ciki da waje, ya fi ki alhaki, kuma shawararsa ta shiru mai sauƙi ce ga wanda ba zai zauna a tsakar gidan ba ranar Alhamis.

Na auna shirun ma, don yana da hujjarsa. Mutum ya dawo cin abinci, ya dawo aiki, wa zai so ya taɓa wannan? Sai dai sirrin ba a hannunki kaɗai yake ba. Rabin garinku na da ɗan'uwa a Landan. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai gaya masa, wataƙila a gaban masu furannin, kuma ba da tausayin da ke za ki faɗa ba.

Ki gaya masa kafin Litinin, ku biyu, a barandar, lokacin da kuka saba. Ki fara da maganar da ya yi bara, domin ya san daga inda abin ya taso. Ki kira cacar da sunanta, kada ki ce hasashe. Ki nemi gafararsa, sannan ki yi shiru ki bar shi ya yi fushinsa, ko da na kwana biyu ne. Taron Alhamis kuwa shi zai yanke, ya sallame su ko ya karɓe su ya san abin da ake ciki. Kwanakin da za ki ba shi ke nan su ne mutuncinsa. Daga nan ki sanar da mamarki, kawunki kuma ya kira mahaifinsa da bakinsa.

Ki sake karanta abin da kika rubuto mini. Mutumin da ya tambaya ko da hanci suke karatu ba yaro ba ne, mai yiwuwa ya hango fiye da yadda kike zato. Ban ce mayafin nan ba zai yi masa ciwo ba, zai yi. Amma babi biyun da kuka ƙara ba daga Landan suka zo ba. Shi ya faɗa, ke kika rubuta.

Don haka ki je da littafin rubutun a hannunki. In ya gama faɗa, ko ya gama shiru, ki buɗe babi na sha ɗaya, ki karanta masa layin ƙarshe da ya ba ki, ki tambaye shi me ke biye.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin murya, ya nuna mana ranar da littafin zai kammala.

Anti Dilruba