Yaya, A Shafa Jan

Yaya,

Na tafi asibiti wurin Baba, ban so in tashe ka ba. Mai fenti zai zo da hantsi. Ka ce masa ja za a shafa a ɗakin Baba, mai duhun nan da ya gwada kusa da taga.

Na san farin ka zaɓa, kuma jiya na goyi bayanka. Gaskiya ce, farin mai ruwan madara ya fi haska ɗaki, jan kuwa yana matse shi. Amma da na kai abinci na nuna wa Baba hoton bangon a waya, ya daɗe yana kallo. Ya ce tun da aka kwantar da shi ba abin da yake gani sai fari: bango, zanin gado, rigar likita. Na ce namu farin daban ne, yana da taushi a ido. Sai ya yi murmushi ya ce, "Auta, akwai farin da ke jirana, ba sai kun yi masa gaggawa ba."



Ka ji abin da likita ya faɗa, gida kawai za mu dawo da shi. Don Allah kada ka ja maganar da ni ko da shi. Ka yi haƙuri na yanke ba da kai ba.

In an gama ka bar tagogin a buɗe, kada warin fenti ya tayar masa da tari. Farin kuma ka ajiye, ba yanzu ba.

Auta