Zuwa Ga Iro, Wanda Aka Hana Jan Baƙi

Assalamu alaikum, Malam Iro. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk inda kake, don har yau ban san garin da zan rubuta a bayan ambulan ba.

Ka tuna hutun da na dawo daga kwalejin horon malamai da littafin labarin da malaminmu Ba'indiye ya ara mini? Muna bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, kana ba tumatirinku ruwa, ni kuma ina ta zuba. Labarin wani saurayi ne da ba a shan ruwa a moɗa ɗaya da shi saboda sana'ar kakanninsa. Na yi ta tsaki, har na ce mu dai mun gode Allah, babu wannan a ƙasarmu. Dariya kawai ka yi, ka ce, "Ɗan malam ke nan."

A azumin shekarar ne mai ja wa Baba baƙi a tafsiri ya kwanta ciwo. Duk ɗaliban zaurenmu babu mai irin haddarka, babu mai irin muryarka. Har ka wanke farar rigarka. Sai dattawa suka shigo wurin Baba, ina bakin ƙofa ina ji. Wai ɗan makaɗi ba zai zauna gaban jama'a yana ja wa malam aya ba, muryar roƙo ce, a jini take. Kai da ko ganga ba ka taɓa ratayawa ba!

Ni aka zaunar. Na yi ta tuntuɓe, kana bayana kana gyara mini ƙasa-ƙasa don kada in ji kunya. Wallahi Iro, wannan ya fi komai ci mini rai. Ban ce uffan ba, ranar ko bayanta.

Bayan salla ka hau motar tumatir zuwa kudu. Shekara huɗu ke nan. Innarka takan tare ni a hanyar Bunkure ta tambaya ko ka aiko, in sunkuyar da kai.

Bana na yi ƙarfin hali na tayar wa Baba da maganar. Ya ce shi bai taɓa ƙin ka ba, jama'a ce. Na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ai Malam ne ya yanke. Na rasa wanda zan kama. Ina kewarka ƙwarai, amma na kasa ce maka ka dawo, don na san abin da za ka tarar.

Allah ya tsare ka, ya haɗa ka da mutanen da za su saurari karatunka ba tare da sun tambayi sana'ar babanka ba. Ka yafe mini, in za ka iya.

Naka har kullum,
Habibu