Hauren Adda Mariya

Shagari, Lahadi

Ƙanwata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina Inna da Baba? Bilyaminu yana gaida ƙanwar uwarsa, ko da yake kuka kaɗai ya iya.

Sau bakwai ina kiran wayar Inna, ana cewa kina wanke-wanke. Kwanukan gidanmu ba su kai haka ba. Shi ya sa na ba Kawu Mijinyawa wannan takarda, tunda kullum motarsa tana bin Bodinga.

Na san abin da na yi. Ranar suna na zaro littafin rubutunki daga ƙarƙashin matashi, na karanta wa mata, har da maƙale murya, ana ta shewa. Ban ga fuskarki ba sai da kinka fita. Inna ta ce tun ranar ba ki sake riƙe biro ba.

Littafin ya biyo ni cikin kayan jego. Na karanta shi ni kaɗai, ban yi dariya ba. Amma kin tsaya a tsakiya. Dodon nan na labarinki, Gurzo, yana tsaye ƙofar yarinyar nan Dalma da ƙwarya a hannu. Mi ke cikin ƙwaryar?

Ki huta lafiya. Addarki, Mariya

Bodinga, Talata

Zuwa ga Adda Mariya,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Ina gaida maigidanki Yaya Muhammadu da jariri.

Ba dodo ba ne. Ba'orke ne. Orkawa mutane ne kamar kowa, sai dai fatarsu kore ce, kuma suna da haure biyu. Suna jin kunya, suna soyayya.

Tunda kin tambaya. Su a wurinsu wata ita ce uwarsu ta fari. (Labari ne, Adda, kada ki ce na yi saɓo, na san Wanda ya halicci wata.) Kin san yadda wata ke makara a sama bayan tsakiyar wata, har hantsi ana ganin sa fari fat? Sun ce uwar ce ta ƙi tafiya gida ta bar 'ya'yanta suna gaba da juna. Sau ɗaya a shekara suna yin Bikin Jiran Uwa. Ba kiɗa, ba dabba. Duk wanda ya ɓata wa wani, sai ya goge bakin haurensa da dutse, ya zuba garin a ƙwarya, ya tsaya ƙofar wanda ya ɓata wa. Haure shi ne girman Ba'orke, kuma ba ya sake tsirowa. In an karɓi ƙwaryar kafin wata ya ɓace, magana ta mutu. In ba a karɓa ba, sai baɗi.

Gurzo ya yi wa waƙar Dalma dariya gaban mayaƙa. Wallahi na rubuta haka tun kafin ki yi naki.

Ban san ko ta karɓa ba. Da na ɗauki biro sai in ji muryar matan nan, da wadda ta ce, "Oh ni! Ɗiyar Malam za ta auri mai haure!" Ki hura wuta da littafin.

Wassalam. Ummi

Shagari, Alhamis

Ummina,

Sallama da gaisuwa mai yawa.

Ban hura wuta ba. Ga littafinki, na ɗaure shi da leda. Ki buɗe ƙullin da ke ciki.

Ni ba ni da haure, sai wushirya, ita kuwa ba ta goguwa. Sai na tuna farin awarwaron da Kaka ta bar mini, wanda kike cewa ya yi kama da jinjirin wata, wanda ban taɓa bari ki sa ba. Yayanki ya same ni tsakar gida da dutsen guga, ya ce, "Mariya, jegon ne ya taɓa miki kai?" Na ce ya matsa, hidimar Orkawa ce.

Yau sha bakwai ga wata. Da na fito shanya da safe na ga watan can yamma, bai tafi ba. Na roƙi Kawu ya yi sammako gobe.

Na ɓata miki, ƙanwata. Ina tsaye ƙofa.

Taki, Mariya

Bodinga, Juma'a

Adda,

Salamu alaikum.

Gogewa ake yi, ba karyawa ba! Kin raba awarwaron Kaka biyu! Na yi kuka har Inna ta leƙo.

Kuma tun asuba nake zaure ina kallon sama. Motar Kawu ta yi faci a hanya, bai iso ba sai da aka taso masallaci. Wata ya daɗe da ɓacewa. Bisa al'ada, sai baɗi.

Na zauna da guntun a hannu har la'asar. Sai na tuna wa ke riƙe da biro. Na ƙara layi ɗaya: uwa ba ta ƙirga makarar wanda ya taho daga nesa.

Dalma ta karɓi ƙwaryar. Shafi huɗu na rubuta.

Ki zo ranar Lahadi da ɗaya rabin. Ni zan karanta miki, ke kaɗai, a rufe ƙofa. Akwai wuri ɗaya da Gurzo ya yi tuntuɓe. Nan an yarda ki yi dariya.

Ƙanwarki, Ummi